Yadda ɗakin shirgi ya koma ɗakin kunu da zoɓo a wani gida a Kuje

Da wuya ka shiga gidan ma'aikacin gwamnati a Kuje ka rasa irin wannan ɗaki. Ɗan ƙaramin gini ne na bulo da kwano a ƙarshen fili, kusa da inda aka dasa zogale da ayaba. Magina ne kan fara kafa shi domin ajiye siminti, idan an gama aiki kuma sai ya zama mazaunin fartanya, da mataccen janareta, da jarkokin fetur, da ragowar maganin feshin da aka dawo da shi daga gona. Nawa ɗakin ƙafa 10 ne a tsaye, 8 a kwance, kuma ya yi shekara bakwai yana tara shirgi kafin mu waiwaye shi.

Yawancinmu tsadar gidaje ce ta kawo mu nan. Tun bayan da gwamnatin Obasanjo ta mayar da alawus-alawus na ma'aikata kuɗi a 2003, aka kuma fara sayar da gidajen gwamnati na Abuja a 2005, ƙananan ma'aikata da matsakaita suka yi ta gangarowa garuruwan gefe. Kuje, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi shida na Babban Birnin Tarayya, tana da nisan kimanin kilomita 40 daga tsakiyar birni, ga fili, ga kasuwar hatsi da doya. Da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, wannan nisa ya zama bashin da ake biya kullum safiya. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sanya wa hannu a Yulin 2024 bai cike giɓin ba. Lemon kwalba, wanda dokar kuɗi ta 2021 ta ɗora wa harajin naira 10 a kan kowace lita, yana cikin abubuwan da suka fara ɓacewa daga teburin gidaje da dama.

A gidanmu kunun zaki da zoɓo da kunun aya ne suka maye gurbinsa. Sai dai kicin ɗin ƙarami ne, bokitan jiƙon gero suna gogayya da kwanukan wanke-wanke, ga yara suna shige da fice. Shi ya sa muka yanke shawarar mayar da aikin ɗakin shirgi. Na kwashe kayan ciki, na share, na shafa farar ƙasa, na ɗauka an gama. Kunun farko da ya kwana a ciki ya tashi da warin fetur, gorunan da muka ɗura kuma suka kumbura kafin la'asar. Goggona, wadda ta yi shekaru tana sana'ar kunu a Zariya, ta ɗanɗana ta ajiye kofin, ta ce: "Ɗana, kunu halin ɗakin da ya kwana yake ɗauka." Watanni uku na aikin da ya biyo baya duk fassarar wannan magana ce.

Abin da ɗakin ya taɓa ɗauka

Matakin farko shi ne mutum ya tuna duk abin da ya taɓa ajiyewa a ciki. Daɓen siminti yana shan ruwa kamar soso, fetur da baƙin mai da maganin ciyawa da suka zuba a kansa suna nan a ciki ko da ido bai gani ba. Maganin ƙwari irin su Sniper, wanda hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalabensa a 2019, guba ne da ba ya zama ɗaki ɗaya da abinci. Inda daɓen ya sha irin waɗannan, wanki ba ya wadatarwa. Dole muka fasa namu, muka kwashe, aka zuba sabo.

Na biyu shi ne ɓera. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na Jihar Borno a 1969, yana yaɗuwa ta fitsari da kashin ɓera, kuma ya fi tsananta da rani, lokacin da ƙonon daji ke koro ɓeraye cikin gidaje. Sharar da na yi a bushe da farko ganganci ne, domin ƙurar da ta tashi ita mutum ke shaƙa. Daidai shi ne a buɗe ƙofa da taga, a yayyafa ruwan bilic a kan kashin, a bar shi ya jiƙa, sannan a kwashe da safar hannu da takunkumi.

Na uku rufi ne. Tsofaffin gine-gine da yawa an yi musu rufi ko silin da asbestos, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya cikin abubuwan da ke haddasa cutar daji. Haɗarinsa yana cikin ƙurar da ke fita idan an fasa shi ko an yanka. Idan ya fara ruɓewa, a jiƙa shi, a sauke shi fale-fale ba tare da an karya ba, kada kuma a bari yara su mayar da gutsattsarinsa abin wasa.

Daɓe, bango da iska

Ɗakin kunu ɗakin ruwa ne. Ana wanke hatsi, ana tsiyaye jiƙo, ana tata, ana wanke tukwane, duk a ƙasa ɗaya. Saboda haka birkila ya karkatar da daɓen da kimanin santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, zuwa magudana guda mai murfin raga. Kafin a biya shi, a zuba bokitin ruwa a tsakiyar ɗaki a ga inda ya nufa. Duk inda ruwa ya kwanta, nan ƙwayoyin cuta za su yi gida. Ruwan gasara yana tsami da wuri, idan aka sake shi kan hanya zai jawo ƙuda da wari da ƙorafin maƙwabta, don haka a haƙa masa ƙaramin rami na kansa a cika da tsakuwa.

Bango yana son tayil ko fenti mai wankuwa zuwa tsayin kafaɗa. Farar ƙasar da na fara shafawa tururi ya sa ta riƙa ɓarɓashi tana faɗawa cikin roba. Kwanon rufi marar silin yana yin gumi idan tukunya na tafasa, gumin ya tattaro tsatsa da ƙura ya ɗigo ƙasa, shi ya sa silin na roba ya fi na katako dacewa a nan. Taga biyu masu fuskantar juna, kowace da raga, sun isa fitar da tururi. A toshe duk wata kafa tsakanin bango da rufi, a sa ƙarfe a gindin ƙofa, domin ramin da bai wuce kaurin yatsa ba ya ishi ƙaramin ɓera shiga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Batun wuta kuma ba na wasa ba ne. Tukunyar gas wurinta waje, cikin ƙaramin keji mai inuwa, tiyo ya ratsa bango. Iskar gas ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, idan ta zurara ƙasa take kwanciya, don haka a bar mata ƙaramar kafa mai raga a gindin bango. Mai dafawa da gawayi ya yi a rumfa a waje. Hayaƙin gawayi da na janareta suna ɗauke da guba marar launi marar wari, wadda ta sha hallaka iyali guda cikin dare a ƙasar nan.

Ruwa

Fiye da kashi uku cikin huɗu na kofin kunu ko zoɓo ruwa ne. Gidaje da yawa a Kuje sun dogara ne da rijiya, ko burtsatse, ko 'yan garuwa. Ƙa'idar da masana tsaftar ruwa suka saba bayarwa ita ce rijiya ta yi nisan aƙalla mita 30 da masai, abin da ƙananan filayenmu ba kasafai suke bayarwa ba. A annobar kwalara ta 2021, Cibiyar Daƙile Cututtuka ta Ƙasa, NCDC, ta lissafa mutum fiye da 100,000 da ake zaton sun kamu, sama da 3,000 kuma suka rasu, kuma Babban Birnin Tarayya na cikin wuraren da cutar ta shiga.

Inda masu kunu suka fi yin kuskure shi ne ruwan ƙarshe. An dama ƙullu da tafasasshen ruwa, an dafa zoɓo ya yi jawur, sai a zo wajen tata da sirki a ɗebo ɗanyen ruwa daga tanki, ko a jefa ƙanƙarar da ba a san ruwanta ba. Duk wahalar da aka sha ta tashi a banza. Dokar ɗakinmu ita ce duk ruwan da zai shiga cikin abin sha sai ya tafasa sosai na minti guda, an bar shi ya huce a rufe. Muna da roba mai famfo da aka ware masa, ba a tsoma kofi a ciki. A bakin ƙofa kuma akwai wurin wanke hannu da sabulu.

Tukwane da hatsi

Kayan aikin ba su da yawa: babbar tukunya, robobi masu murfi, rariya, ƙyallen tata, muciya da ludayi, da tebur mai saman tayil. Zoɓo yana da tsami, kuma tsami yana cin tukunyar alminiyam da bokitin kwano, ya canza launi da ɗanɗano. Tukunyar ƙarfe marar tsatsa ta fi tsada amma ita ce ta dace. Robar jiƙo ta kasance sabuwa wadda aka yi domin abinci, irin mai lamba 2 ko 5 cikin alamar kusurwa uku a gindinta. Bokitin fenti da jarkar da ta taɓa ɗaukar sinadari ba sa komawa na abinci komai yawan wanki. Haka gorunan da ake tsintowa a wuraren biki da bola, ba wanda ya san bakin da ya sha da su ko abin da aka zuba a ciki. Sababbin goruna ana sayar da su da murafensu a kasuwa. Bayan wanki da sabulu, cokali guda na bilic a cikin lita 4 na ruwa ya isa a jiƙa kaya na 'yan mintoci, a ɗauraye da dafaffen ruwa, a kife su bushe. Ƙyallen tata a tafasa shi, a shanya a rana.

Hatsi a ajiye shi a kan katako, nesa da bango, cikin durom mai murfi. Damina a Abuja takan kai daga Afrilu zuwa Oktoba, kuma laima ce ke kawo fumfuna. Wani nau'in fumfuna yana fitar da gubar aflatoksin mai lalata hanta, wadda dafuwa ba ta kashewa. A Kenya a 2004 masarar da ta kamu da ita ta kashe mutum 125. Aya da gyaɗa da dawa duk suna iya kamuwa, don haka a tsince, a zubar da duk ƙwayar da ta yi baƙi ko take warin ruma. Sayen na wata guda ya fi tara na shekara a ɗakin da kullum ake tafasa ruwa.

A kuma kula da abin da ake barbaɗawa. A Maris na 2021 ɗaruruwan mutane sun kwanta asibiti a Kano, wasu suka rasu, bayan shan lemon da aka haɗa da gurɓataccen garin ɗan tsami da garin lemo da wa'adinsa ya ƙare. Lemon tsami da tsamiya da abarba suna yin aikin, kuma mutum yana ganin abin da ya saya da idonsa.

Tsakanin kunu da giya

A Ingila da Amurka, idan aka ce mutum ya gyara ɗakin lambu domin haɗa abin sha, giya ake nufi. Ingila ta ɗage sharaɗin lasisi ga masu yin ta a gida a 1963, Shugaba Jimmy Carter kuma ya sanya hannu a kan irin wannan doka a Amurka a 1978. A yankinmu ma burukutu da fito tsofaffin sana'o'i ne a ƙauyuka da dama, kuma da dawar da muke kunu da ita ake yin su. Ya kamata mai ɗakin kunu ya san inda hanyoyin biyu suka rabu.

Ana jiƙa gero ko dawa kamar awa 12, a wanke, a markaɗa da citta da kanumfari da masoro. A raba ƙullun biyu, a dama babban kason da tafasasshen ruwa har ya yi kauri, a bar shi ya sha iska. Sannan a zuba ɗanyen kason wanda aka haɗa da busasshen dankalin Hausa ko tsiron hatsi. Dankalin da tsiron suna ɗauke da sinadarin da ke farfasa sitaci ya mayar da shi sukari, shi ya sa kunun ke tsinkewa ya yi zaƙi ko ba a sa sukari ba. Idan aka zuba da zafi sosai sinadarin ya mutu, kunun ya zauna da kaurinsa. Cikin dare wasu ƙwayoyin halitta masu amfani, dangin waɗanda ke mayar da madara nono, suna ba shi ɗan tsamin nan da ake so. Da asuba a tace.

Daga nan agogo ya fara aiki. Akwai yis a cikin iska da jikin hatsi, abincinsa sukari ne, abin da yake fitarwa kuma iska ce da barasa. Iskar ita ta kumbura gorunanmu na farko. Mai burukutu da gangan take barin dafaffen ruwan tsiron dawa ya yi kwanaki yana tashi, har barasarsa ta kai kashi 3 zuwa 6 cikin 100. Mai kunu kuwa aikinta ta tsayar da shi kafin ya kama wannan hanya. Ga Musulmi batun ya wuce na ɗanɗano. Hadisin Ibn Abbas a Sahihu Muslim ya nuna ana jiƙa wa Manzon Allah (SAW) zabibi ya sha, amma ba ya wuce yammacin rana ta uku. Ba a ɗauki kwana uku a auna kunu da su ba, domin a zafin Maris da Afrilu, lokacin da ma'auni ke kusantar 40, kunun zaki ba ya kai yini da kwana a waje. Kunun aya ko yini ba ya yi. Kumfa, da ƙarar iska idan an buɗe murfi, da wari mai hawa hanci, duk alamu ne na a zubar.

Sanyi shi ne birki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da 60, don haka abin sha ya shiga firji da zarar ya huce. Tunda wutar lantarki ba ta da tabbas, mun sa ƙaramar firiza a kusurwar da rana ba ta bugu, muna daskarar da gorunan ruwa su riƙe sanyi idan an ɗauke wuta. Randa cikin randa, mai jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000, tana sanyaya zoɓon da za a sha a ranar, musamman da hunturu, amma ba ta kai sanyin firji. Dabarar da ta fi kowace ita ce a yi daidai abin da za a shanye. Mu mudu ɗaya muke jiƙawa, sau biyu a mako, kuma kowace gora ana rubuta mata ranar da aka ɗura ta.

Inda doka ta shigo

Duk wanda kununsa ya yi daɗi zai ji abokan aiki sun ce ya riƙa kawo musu ofis su saya. A nan ma'aikaci ya tsaya ya yi tunani. Jadawali na Biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999, Kashi na Ɗaya, sakin layi na 2(b), ya hana jami'in gwamnati mai aikin cikakken lokaci gudanar da kasuwanci ko sana'a ta kansa, ko shiga cikin tafiyar da ita, in ban da noma. Wannan ya shafi duk ma'aikatan gwamnatin tarayya da ma'aikatan majalisa. Ƙorafi yana zuwa Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata, hukunci kuma a Kotun Ɗa'ar Ma'aikata, wadda ke da ikon raba mutum da kujerarsa, ta kuma hana shi riƙe muƙami har zuwa shekara 10. Noman gero da zoɓo a gonarka ta Kuje halas ne a idon wannan doka. Ɗura shi a gora da kai shi ofis ana karɓar kuɗi wani abu ne daban. Idan uwargida ko ɗa ne ba ya aikin gwamnati yake son sana'ar, ta zama tasa a zahiri, da sunansa da asusunsa.

Ko ga wanda doka ba ta ɗaure ba, abin sha da aka ɗura aka liƙa wa suna domin kai wa shaguna yana buƙatar rajistar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993, kuma jami'anta sukan zo su duba wurin da ake yin sa. Abin da za su duba shi ne daɓe da ruwa da raga da wurin wanke hannu, wato dai abubuwan da muka zayyana. Ɗan haya ya nemi yardar mai gida a rubuce kafin ya fasa daɓe. Mai gida kuma, idan zai ɗaga bango ko ya faɗaɗa ginin, ya tuntuɓi hukumar kula da tsarin gine-gine tukuna, domin mazauna Abuja sun san yadda jan fenti a bango ke ƙarewa.

Da na zauna na haɗa lissafin abin da muka kashe, fiye da rabi ya tafi ne a daɓe da magudana da tanadin ruwa, abubuwan da baƙo ba ya ko kallo idan ya leƙa. Tukwane da firiza, waɗanda na ɗauka su ne aikin, su suka zo ƙarshe. Wanda kuɗinsa bai kai ya yi duka a lokaci guda ba ya bi wannan jeri, albashi bayan albashi, kada ya sa gero a ruwa sai daɓe da raga sun kammala.

Yanzu daren Laraba da na Asabar ake jiƙo a gidanmu. Yara sun san ba a shiga ɗakin da takalmi, babbar 'yarmu ce ke rubuta kwanan wata a jikin goruna. Da azumin da ya wuce daga ɗakin aka yi ta fitar da kunu da zoɓon buɗa baki, har da na maƙwabta da na masallacin unguwa. Da Goggo ta sake zuwa, ta zagaya ɗakin, ta shafa bango, ta leƙa magudana, sannan ta karɓi kofi. Ta shanye, ta miƙo a ƙara mata, ta ce a rage citta.